Fijon Baba da Marsandin Kawu: Kundin Aikin Gareji

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau muka fito da Fijon Baba daga rumfar da ta yi shekara goma sha ɗaya a ciki. Tayoyinta huɗu duk sun zauna, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta har ba a gane launinta, kaji kuma sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Da igiya muka ja ta zuwa gareji a Sabon Garin Zariya. Marsandin Kawu ta riga ta isa tun shekaranjiya, ita da ƙafarta ta je, tana tari tana fitar da baƙin hayaƙi.

Ga dalilin wannan aiki. Baba, Allah ya jiƙansa, ya sayi Peugeot 504 GL sabuwa dal a 1979, haɗin Kaduna, da bashin mota irin wanda ake ba ma'aikata a lokacin. Kawu, ƙanin Hajiya, ya sayi Mercedes-Benz 200 ƙirar wannan shekarar, amma shi ta hannu ya saya, bayan ta yi wasu shekaru a Jamus. Tun ina yaro, duk ranar Sallah idan aka gama cin tuwo aka shimfiɗa tabarma a zaure, sai musu ya tashi. Baba ya ce Fijo ce motar ƙasar nan. Kawu ya ce ai Marsandi ba a haɗa ta da kowa. Ba su taɓa gajiya ba, ba su kuma taɓa gwadawa ba. Yanzu Baba ya rasu, Kawu ya haura tamanin, ya daina tuƙi. Na roƙe shi aron motar, na ce zan gyara su duka biyu, in hau su a hanya ɗaya, da mai iri ɗaya, in rubuta abin da na gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo makulli ya ce, "Ɗana, ka yi adalci kawai."

Sharaɗin da na kafa wa ogan gareji guda biyu ne: ba za a sauya inji ba, ba za a kuma ƙara wa kowace abin da ba a ƙera ta da shi ba. Ya so ya ba ni shawarar a jefa wa Fijon injin Japan kamar yadda masu haya suke yi, na ce a'a.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na kwana biyu ina duba littattafan motocin. Na Fijo yana cikin aljihun gaba, Baba ya naɗe shi a leda tare da tsofaffin takardun lasin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda suka yi kusa da juna a takarda.

Injin Fijo silinda huɗu ne, girmansa cc 1971, ƙarfinsa tsakanin doki 93 da 96, gwargwadon shekarar ƙira. Na Marsandi shi ma silinda huɗu ne, cc 1988, doki 94. Dukansu da kafireto suke shan fetur, dukansu giya huɗu ce ta hannu, dukansu tayoyin baya ne ke tura su, dukansu birkin faifai ne a ƙafa huɗu, ƙafafunsu kuma inci 14. Gudun ƙarshe da kamfanonin suka rubuta, Marsandi kilomita 160 a awa, Fijo ta ɗara hakan da kaɗan. Wato shekara talatin da wani abu mutanen nan biyu suka yi suna musu a kan motocin da ƙarfinsu kusan ɗaya ne.

Inda suka rabu shi ne jiki. Tsawon Marsandi mita 4.72, Fijo mita 4.49. Faɗin Marsandi ya fi da kusan santimita goma. Nauyinta kilo 1,340 ne, Fijo kuwa ɗan sama da 1,200. Tankin Marsandi yana cin lita 65, na Fijo 56. Ke nan doki ɗaya ne aka ɗora wa kaya biyu, ɗaya ya fi ɗaya nauyi da sama da buhun masara. Tun daga nan na fara zargin wadda za ta riga tashi daga tsaye, amma ba zan yanke hukunci da takarda ba.

Akwai kuma tazarar shekaru. An fara nuna 504 a birnin Faris a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ta kuma zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ita wannan Marsandi, wadda kamfanin ke kira W123, sai a Janairun 1976 ta fito. Shekara takwas ba wasa ba ce a ƙirar mota.

Asabar, 27 ga Janairu

An buɗe injin Fijo. Da Oga ya zare sandar gwada baƙin mai, sai ga shi ya koma kalar shayi mai madara. Ruwa ya shiga mai. Na ji gabana ya faɗi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, wannan ba komai ba ne a Fijo, silibi ne."

A nan na zauna a kan benci na koyi darasi. Injin 504 a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 zuwa gefe guda domin bonet ya yi ƙasa. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin bulok aka huda su ba. Bututu ne guda huɗu masu zaman kansu, su ne silibi, ana zura su ana zare su, ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye. A gindin kowane akwai siririn abin toshewa. Idan ya tsufa, ko wani bakanike ya cire kan inji ya juya injin ba tare da ya danne silibin ba, sai su motsa, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai. Wannan ita ce lalurar injin. Amma kuma ita ce falalarsa: idan inji ya gaji, ba sai an kai bulok wurin masu gundura ba. A zare silibi huɗu da fistin da ringi, a zura sababbi, inji ya koma yaro. Oga ya ce ya taɓa yin wannan aiki a gindin bishiyar mangwaro a wani ƙauye, da sifana da tabarma, ya gama kafin la'asar.

Ya nuna mini yadda ake auna ɗan tudun da silibin ke yi a saman bulok. Ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe, ya zura siraran ma'auni a ƙarƙashi, ya rufe ido ɗaya yana leƙawa. Idan tudun ya yi kaɗan gasket ba zai riƙe ba, idan ya yi yawa kan inji zai zauna a karkace. Yaransa uku sun tsaya shiru suna kallo. Babu ɗaya daga cikinsu da aka haifa lokacin da aka daina haɗa wannan mota a Kaduna.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Kasuwar Fanteka, a Kaduna. Cikin awa biyu na haɗa silibi, fistin, ringi, gasket, famfon ruwa da robobin ƙafa na Fijo, har ina zaɓe tsakanin shago da shago. Kamfanin PAN, mai haɗa Fijo a Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, sama da shekara ashirin bayan an daina yin irin wannan salun ɗin a Faransa a 1983. Shi ya sa kayanta har yau ba su yanke ba. A kan hanyar dawowa na bi ta gaban masana'antar da gangan, na rage gudu.

Kayan Marsandi kuwa sai da na sa cigiya har Ƙofar Ruwa a Kano.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Injin Marsandi bai buƙaci buɗewa ba. Oga ya gwada matsin silinda huɗun, ya ce duk suna nan kusa da juna, babu wanda ya faɗi. Motar da ta shekara arba'in da biyar, ba a taɓa sauke kan injinta ba, Kawu ya rantse da haka, notunan ma sun ba da shaida don babu tabon sifana a jikinsu. Ma'aunin matsin mai da ke gaban direba, da an tayar sai allurar ta haye har 3 ta tsaya cak. Na yarda, wannan abin girmamawa ne.

Ƙirar ta bambanta. Shi wannan inji a tsaye yake, sandar da ke buɗe bawul tana sama a kan injin, sarƙa ce ke juya ta. Na Fijo sandar tana ƙasa a cikin bulok, sai wasu 'yan sanduna su tura bawul daga nesa, tsohon yayi ke nan. Mun gyara tazarar bawul, mun canza sarƙa saboda ta fara saki. Bonet ɗin Marsandi yana da wata dabara: idan ka saki wasu 'yan maƙallai a gindinsa sai ya miƙe tsaye sak, bakanike ya shiga aiki ba ya buga kai. Yaran gareji sun yi ta ɗagawa suna saukewa.

Hayaƙin nan baƙi daga kafireto yake. Stromberg ce, a cikinta akwai wata roba mai faɗi kamar marfin kwano wadda iska ke ɗagawa, ta tsage. Sai ɗan ramin da ake zuba mai a samanta, ya bushe ƙaf, don babu wanda ya san ana zuba masa wani abu. Kafireton Fijo, Solex, Oga ya warware ta ya wanke da fetur ya hura ya mayar a cikin awa ɗaya, yana hira. Ta Marsandi kuwa ya ce ba zai taɓa ba, sai an kira wani dattijo da ya ƙware a kanta.

Asabar, 2 ga Maris

Asara ta farko. Robar kafireton da na saya jabu ce. Kwalinta ya yi kyau, rubutu da tambari duk sun hau, amma kwana huɗu da sa ta fetur ya cinye ta, ta yi laushi kamar danƙo. Mai shagon ya ce ba ya karɓar abin da aka riga aka ɗaura. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don mako biyu da muka ɓata muna jiran ta.

Dattijon da Oga ya kira ya zo a kan tsohon babur. Ya murza robar tsakanin yatsu biyu, ya shinshina, ya jefar. Daga aljihunsa ya fito da wata da ya cire daga motar da aka yanka, tsohuwa amma ta asali. Bai yi amfani da wata na'ura ba. Ya tayar da mota, ya sa kunne kusa da inji, yana juya sukuru kaɗan-kaɗan, can sai ya je bayan mota ya tara tafin hannu a bakin salansa. Da ya gama, Marsandi ta koma yin wani sauti ƙasa-ƙasa, har na ɗora kofin shayi a kan murfin iska bai zube ba. Na tambaye shi ko yana da yaron da yake koya wa. Ya girgiza kai ya ce, "Duk sun koma wajen masu kwamfuta."

Na rubuta wannan a matsayin wani ɓangare na gwajin, domin mota ba ƙarfe ba ce kawai. A garin nan, masu iya gyaran Fijo sun fi a ƙirga. Mai iya wannan kafireto, mutum ɗaya muka samu, shi ma furfura ta rufe shi.

Alhamis, 21 ga Maris

Azumi da zafi sun rage aiki. Gareji ba ya wuce azahar. An haɗa injin Fijo, ya tashi a bugu na uku. Na kira Hajiya a waya na kanga mata ta ji ƙarar. Ta yi shiru, sannan ta ce haka take ji daga kicin idan Baba ya shigo layi. Ban iya ce mata komai ba.

Wani bakanike a baya ya cire abin da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya ɗumama, ya kuma ɗaure fanka tana juyawa kullum, alhali an ƙera ta ne ta kama ta saki da kanta idan zafi ya kai. Na sa an mayar da su yadda suke. Oga bai so ba, ya ce zafin Afrilu ba na Faransa ba ne. Mun yi yarjejeniya: idan allura ta haura, zan dawo in ba shi gaskiya.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bayan Sallah muka shiga ƙarƙashin motocin, kuma a nan ne na fara ganin ainihin bambancin tunanin waɗanda suka ƙera su.

Na sauka ramin gareji da tocila. A ƙarƙashin Fijo ba ka ganin furofela ko kaɗan. Tana cikin wani katon bututun ƙarfe da ya haɗa akwatin giya da aksil na baya, a rufe ruf. Dutse ba ya dukanta, laka da ƙura ba sa shiga, ciyawa ba ta naɗe ta. Da aka ɗaga motar a jak, sai na ga tayar ta ci gaba da sauka, tana sauka, kamar ba za ta bar ƙasa ba. Sifirin dogo ne, shokozoba doguwa ce. Tayar safiya ma a waje take, a rataye ƙarƙashin but, ba sai ka sauke kaya ba idan ka yi faci. Sitiyarinta mai haƙora ne a kan sanda, kai tsaye yake zuwa ƙafa.

Ƙarƙashin Marsandi kamar ɗakin da aka share aka jera kaya. Komai da kaurinsa, komai da robarsa. Furofela a buɗe take, gida biyu, da wasu fayafayan roba a bakinta masu shanye girgiza. Ɗaya ya tsattsage, mun canza. Ƙafar gaba hannuwa biyu ne sama da ƙasa, gaɓoɓinta sun fi na Fijo yawa nesa ba kusa ba, kowace gaɓa kuma da robarta da za a saya. Sitiyarinta na akwati ne, ya yi ɗan wasa a tsakiya, aka ɗaure. Birkin ajiye mota da ƙafar hagu ake taka shi, a ja wani maɓalli da hannu a sake shi. Noti biyar ke riƙe tayarta, Fijo huɗu.

Tsatsa ta ci su duka, amma ba wuri ɗaya ba. Fijo a ƙasan ƙofofi da gindin but. Marsandi a ƙarƙashin batir da ramukan da ake sa jak, gishirin da ake zubawa a titunan Jamus lokacin ƙanƙara ya fara mata wannan illa tun kafin ta zo. Fanabita ya ce ƙarfen Marsandi ya fi kauri, waldarsa ta fi daɗi. Idan ka rufe ƙofarta sai ka ji "dum", kamar an rufe ƙofar ma'ajiyar kuɗi ta banki. Ta Fijo "kwas" take yi.

Kuɗin robobi da gaɓoɓin ƙafar Marsandi ya ninka na Fijo kusan sau uku a lissafina.

Asabar, 11 ga Mayu

Gwajin farko a kwalta. Hanyar Zariya zuwa Funtuwa ta Giwa, da sassafe bayan asuba kafin manyan motoci su fito. Ni ne direba a duka biyun, ɗan'uwana yana gefe da agogon waya. Mun cika tankunan a famfo ɗaya. Da fetur ya haura naira 600 lita a lokacin, bayan cire tallafi a 2023, cika tankuna biyu a rana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, amma ba yadda za a yi.

Daga tsaye zuwa kilomita 100, sau uku-uku muka gwada. Fijo tana kaiwa a wajen daƙiƙa 14, Marsandi wajen 16. Agogon hannu ne ba na'ura ba, amma duk ukun haka suka nuna, kuma jiki ma yana ji. Fijo tana zabura da an taɓa ta, giyarta tana shiga da yatsa biyu. Totur ɗin Marsandi yana da tauri da tsawo, sai ka taka da niyya, ita kuma ta ɗauki lokacinta kamar basaraken da ba a hanzarta shi.

Daga 100 zuwa sama sai labari ya juya. A 120 Fijo ta cika da ƙara, iska tana busa ta gefen gilashi, inji yana kuka kamar yana neman giya ta biyar da babu ita, sai mun ɗaga murya muke jin juna. A wannan gudun Marsandi ta kwanta a kan titi, sitiyari ya yi nauyi a hannu, muna hira kamar a falo. Tirela ta wuce mu a guje, Fijo ta ɗan yi layi, Marsandi ko gezau. Ban nemi gudun ƙarshe ba kuma ba zan nema ba. Motoci ne masu shekara arba'in da biyar, hanyar kuma akwai mutane da dabbobi.

Birki: duka sun kama da kyau, amma Fijo tana dukar da goshi ƙasa sosai idan aka taka da ƙarfi, Marsandi tana tsayawa a miƙe.

Da muka dawo muka sake cika tanki. Fijo ta sha kimanin lita 10 da rabi a kowace kilomita 100, Marsandi kusan 12. Allurar zafin Fijo ba ta wuce tsakiya ba duk da ranar da ta buɗe a dawowa. Na gaya wa Oga, ya ce mu jira cunkoson Kwangila tukuna.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Na kai wa Kawu rahoton abin da aka samu zuwa yanzu. Ya karɓi maganar shan mai da ta tashi daga tsaye ba gardama, ya ce shi bai taɓa sayen mota don tsere ba. Sai hira ta koma tarihi. Ya tuna mini cewa a cikin Marsandi baƙa aka harbe Janar Murtala a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, motar tana gidan tarihi na Onikan har yau, kuma bayan nan ne gwamnatin Obasanjo ta sa manyan jami'ai suka koma hawa 504. Ya ce daga lokacin Fijo ta zama motar gwamnati, Marsandi ta zama ta 'yan kasuwa da sarakuna. "Babanka ma'aikaci ne, ni ɗan kasuwa," in ji shi. "Rabin musun namu ke nan."

Na ce masa ai kowace tana da abin tinƙaho a fagen tsere. 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson. 'Yar'uwar tasa motar mai silinda shida, 280E, ita ta ci doguwar gasar Landan zuwa Sidni a 1977 a hannun Andrew Cowan. Ya yi murmushi, ya ce Baba bai taɓa bari a manta da ta Kenya ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Wannan ne gwajin da na fi jira, shi ya sa na bari sai damina ta zauna. Hanyar gonarmu, kilomita goma sha takwas na jar ƙasa bayan an sauka daga kwalta: akwai wurin da ta yi ƙunya-ƙunya kamar allon wanki, akwai ramuka cike da ruwa, akwai kwazazzabon da tayoyin tarakta suka haƙa, sai wani ɗan rafi da ake tsallakawa. Na sa buhun taki biyu a but ɗin kowace, da mutum uku a ciki, domin haka Baba yake zuwa.

Marsandi na fara ɗauka. Ba ta yi abin kunya ba, ko kusa. Jikinta bai yi ƙara ko ɗaya ba, babu abin da ya kwance, babu abin da ya karkaɗa. Amma dole ka bi ta a hankali. A wurin ƙunyar nan, idan na wuce 40 sai girgizar ta taso ta kujera ta shiga ƙashin baya. Da kaya a baya ta zauna ƙasa, sau biyu cikinta ya goga tudun tsakiyar hanya, na ji ƙarar har cikin raina saboda amana ce. A bakin rafi sai da mutanen suka sauka suka tura, nauyinta ya sa ta nutse a laka. Minti arba'in da bakwai muka yi.

Sai Fijo. Ban san yadda zan kwatanta ba sai dai in ce hanyar ta zama wata hanya daban. Wurin ƙunyar da ya wahalar da mu, na shige shi a 60, tayoyi suna ta aiki a ƙasa ana jin su "dududu", amma jikin motar yana shawagi a sama, ruwan gorar da ke hannun ɗan'uwana bai fantsama ba. Ramin da na rufe ido ina jiran duka, sai ta haɗiye shi, ta yi ɗan lilo sau ɗaya ta wuce. Kujerunta masu taushi suna ƙarasa abin da sifirin ya rage. Tana kwanciya gefe a kwana, dashbod yana ƙara, ƙura da ruwa sun sami hanya ta robar ƙofar baya, duk gaskiya ne. Amma cikinta bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya, rafin kuma a giya ta biyu ta haye shi ba wanda ya sauka. Minti talatin da ɗaya.

Da muka isa na kashe inji na zauna a ciki ni kaɗai. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin wannan hanya a kujerar baya, ina barci a kan cinyar Hajiya, ban taɓa sanin hanyar tana da muni haka ba sai yau da na bi ta a wata motar. Wani tsoho daga ƙauyen ya taho da fartanya a kafaɗa, ya zagaya motar, ya duba lamba, ya tambaye ni ko ni ɗan mai ita ne. Na ce e. Ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a, ya ce a wannan motar aka kai matarsa asibiti da daddare tana naƙuda.

Laraba, 24 ga Yuli

Cunkoson Kwangila da tsakar rana, kusan minti ashirin a tsaye. Allurar Fijo ta ɗan haura tsakiya, fanka ta kama da kanta, ta sauko. Oga ya ga da idonsa. A wannan ranar famfon fetur ɗin Fijo ya mutu a Samaru. Wani yaro a bakin hanya ya canza shi cikin minti ashirin da biyar, da kayan da ya samo a shagon da ke tsallaken titi. Marsandi tun da dattijon nan ya taɓa ta ba ta sake neman komai ba.

Na jera abin da ke littafina. Tun Mayu Fijo ta tsaya sau biyu, famfo da wayar kwantak, duka biyun an gyara a inda ta tsaya, da kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba. Marsandi ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, amma lalura ɗaya da ta yi a farkon shekara ta cinye mana mako uku. Idan daga Zariya zan tafi Abuja in dawo a kan kwalta mai kyau, makullin Marsandi zan ɗauka ba tare da tunani ba. Idan aka ce in zaɓi guda ɗaya in zauna da ita a inda nake, da hanyoyin da nake bi da bakaniken da nake da su, Fijo zan riƙe. Na san wani zai ce jini ne ya ja ni. Na bincika zuciyata a kan haka, shi ya sa na bi hanyar gona sau biyu a kowace mota, kuma sakamakon bai canza ba.

Asabar, 3 ga Agusta

Na ɗauki Kawu. Da farko a tasa, muka zagaya ta Tudun Wada muka shiga Birni ta Ƙofar Doka. Ya zauna a baya, ya shafa kujera, ya ce in kashe rediyo yana son jin injin. Daga nan na ce ko zai shiga ta Baba. A iya sanina bai taɓa shiga ba. Ya yi jim, sannan ya miƙo mini sandarsa ya ce in riƙe masa ƙofa.

Na bi da shi wani layi da ruwa ya farfasa a bayan kasuwa, ban rage gudu sosai ba. Bai ce komai ba har muka fito kwalta. Can ya ce, "Ashe haka take." Na karanta masa duk lissafin, har da inda tasa ta yi nasara da inda ta gaza. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini wuri ɗaya: ya ce ban rubuta cewa a shekara kusan arba'in Marsandi ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba. Na ce zan ƙara, ga shi na ƙara.

Ya ce kada in mayar da motar gidansa, in ajiye su wuri ɗaya a rumfa, a riƙa tayar da su duk Juma'a.

Saura fenti, sai ruwa ya ɗauke a Oktoba. Robar ƙofar baya ta Fijo har yanzu ban samu ta asali ba, na bar saƙo a Fanteka. Dattijon kafireto kuma ya yarda ƙaramin yaron Oga ya riƙa zuwa wurinsa ranar Lahadi, za su fara da Stromberg ɗin wata matacciyar mota da ke bayan gareji.